Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin i5 da i7, wa ya fi wani?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: laftop, da furosesar da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafin komai. Ga Injiniya nan a gabana, ya rungumo wata laftop da ta ga jiya ta ga yau. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai. Kar ka ci mata fuska a gaban mutane, akwai sababbin da ba su kai ta aiki ba.

Mai gabatarwa: Za mu gani. Bari mu fara da mai sauƙi. Wani ɗan'uwa yana cewa 'yar takardar da aka manna kusa da kibod ɗinsa ta goge, a ina zai ga sunan furosesarsa?

Injiniya: In Windows ce, ya danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, ya shiga Performance, ya taɓa CPU, wato furosesa. Sunan na nan daga sama. Ya kwafe shi duka, har harafin ƙarshe.

Mai gabatarwa: Har harafin ƙarshe, ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. To ga tambayar da ta fi cika mana jaka. Na zaɓi wasiƙar wani ɗalibi ta wakilci sauran. Ya ce: “An nuna mini laftop biyu, dukkansu na hannu. Ɗaya i7-7500U, ɗaya i5-8250U. Abokaina sun ce kar in yi wauta, i7 ta fi, tunda bakwai ta fi biyar. Wacce zan ɗauka?” Injiniya, ai ni ma a makaranta haka aka koya mini, bakwai ta fi biyar.

Injiniya: Ya ɗauki i5 ɗin.

Mai gabatarwa: Haka kawai?

Injiniya: Ya ɗauke ta, kar ya waiwaya. Ka ga i3 da i5 da i7, matsayi ne a cikin aji, kamar a ce wane ya zo na ɗaya, wane ya zo na biyar. Amma wane aji? Wanda ya zo na ɗaya a aji uku ba lallai ya kama ƙafar wanda ya zo na biyar a aji shida ba. Ajin shi ne abin da ake ce wa janareshan, wato zubin da Intel, kamfanin da ke ƙera su, ke fitarwa kusan duk shekara, kuma yana rubuce a lambar da ke bayan ɗan layin nan. 7500, lambar farko bakwai, zubi na bakwai ke nan, na shekarar 2016. 8250 kuwa zubi na takwas, na 2017. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, amma a daidai wannan gaɓar aka yi babban tsalle. Ita furosesa a cikinta akwai abin da muke kira ƙwaya...

Mai gabatarwa: A'a Injiniya, a gidan rediyo fa muke.

Injiniya: Ba irin ta 'yan shaye-shaye ba! Ƙwaya ma'aikaci ce a cikin furosesa, kowacce na iya ɗaukar nata aikin. Waccan i7 ta zubi na bakwai ƙwaya biyu gare ta. Wannan i5 ta zubi na takwas ƙwaya huɗu. In ya buɗe shafukan intanet da yawa, ga Word a buɗe, ga darasi yana kallo ta Zoom, mai ma'aikata huɗu ce za ta ɗauki kayan ba tare da nishi ba. Kuma in mai sayarwa mai wayo ne zai nuna masa cewa a gigahaz, wato ma'aunin gudun furosesa, i7 ɗin 2.7 aka rubuta mata, i5 kuma 1.6 kacal. Gaskiya ne, amma wannan gudun tafiyar yau da kullum ne. In aiki ya taso, i7 ɗin tana kaiwa 3.5, i5 ɗin tana kaiwa 3.4. Ka ga a gudu kusan kunnen doki ne, a yawan hannuwa kuwa an ninka ta.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda wanda ya kunna rediyo yanzu. Kar ka tsaya a i5 ko i7. Ka duba lambar da ke biye. Lambar farko ita ce zubi.

Injiniya: Da sharaɗi ɗaya. Daga zubi na goma zuwa sama, lambobi biyu na farko ake karantawa. 10210U zubi na goma ne. 1135G7 na goma sha ɗaya ne, na 2020. 1235U na goma sha biyu, na 2022. Na sha ganin wanda ya ga 1135 ya ɗauka zubi na ɗaya ne, ya ture ta gefe ya rungumi mai lamba takwas. Ai da can ma, zubin farko na 2010, lambobi uku ne kawai, irin su 520M, a lokacin furosesar ma kana iya kwance ta da sukurudireba, ni na fara koyon aiki ne a kan...

Mai gabatarwa: Injiniya, tarihin koyon aikinka sai mun ware masa fili na musamman. Akwai wani dalilin bayan ƙwaya huɗun?

Injiniya: Akwai, kuma wataƙila ya fi na farko nauyi. Jerin furosesocin Intel da Microsoft ta amince wa Windows 11 kusan duk daga zubi na takwas ya fara. i5-8250U tana ciki, i7-7500U ba ta ciki. Windows 10 kuma, wadda tsohuwar za ta tsaya a kanta, 14 ga Oktoban 2025 ce ranar da kamfanin ya yanke na daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum. Akwai masu bi ta bayan fage su ɗora Windows 11 a kan tsohuwa, tana hawa, amma babu wanda ya yi maka alkawarin gobe.

Mai gabatarwa: To ɗalibi ka ji. Zubi na takwas, ƙwaya huɗu, Windows 11. Zubi na bakwai, ƙwaya biyu, babu Windows 11 ta ƙofar gaba. Ka gaida abokan naka, ka ce musu a wannan karon biyar ta fi bakwai. Sai wata gajera: wani yana tambaya ko zai iya cire furosesar laftop ɗinsa ya sa sabuwa.

Injiniya: A kusan duk laftocin yanzu, a'a, an liƙe ta da dalma a jikin madabod, wato babban faifan da kayan cikin laftop ke haɗe a kansa. In nauyi take masa, ya ƙara RAM, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, in tana da gurbi, ya cire tsohuwar ma'ajiyar fayil, wato hard disk, ya sa SSD, wadda ta fi ta sauri.

Mai gabatarwa: Wata malama ta rubuto, da alama ranta a ɓace yake. Ta ce ta rabu da tsohuwar laftop ɗinta ta sayi sabuwa dal, zubi na goma sha biyu, i7, amma tsohuwar ta fi ta riƙe caji. Ta ce lambar tata da H ta ƙare. “Ko cutata aka yi?” Malama, Allah ya huci zuciyarki. Injiniya, ga harafin ƙarshen nan ya dawo.

Injiniya: Ba a cuce ta ba, motar tsere aka ba ta alhali ta zuwa ofis take nema. Furosesa mai U a ƙarshe, irin na ɗalibinmu, an tsara ta ne ta ci wutar kimanin wat 15. Mai H kuma wat 45, ta masu tace bidiyo ce da masu wasannin kwamfuta, kuma sau da yawa ana haɗa mata katin hoto na daban, shi ma da bakinsa. Batir kuwa ana auna shi da wat-awa. In batirinki wat-awa 50 ne, na'urar na jan wat 10, awa biyar ke nan. In tana jan 25, awa biyu. Lissafin bai wuce haka ba. Ka san ma abin da ya sa ba ka cika ganin batirin laftop ya haura wat-awa 100 ba? Dokar jiragen sama ce. In ya wuce 100 sai da izinin kamfanin jirgi za ka shiga da shi, shi ya sa za ka ga an rubuta 99.9, an tsaya daidai bakin layi. Akwai wata tafiya da na yi...

Mai gabatarwa: Malama ba jirgi za ta hau ba, Injiniya. Me za ta yi da wadda ke hannunta?

Injiniya: Ta rage hasken sikirin, don shi ne babban ɓarawon caji a yawancin lokaci. Ta sa Windows a yanayin tattalin batir in ba aiki mai nauyi take yi ba. Sannan ga wani abu ga duk mai sayen ta hannu: a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg, a bar fili, a sa layin karkace, a rubuta batteryreport. Zai fitar da takarda mai nuna ƙarfin batirin ran da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yau. Gani ya kori ji.

Mai gabatarwa: Ni kam ra'ayina, in za a ba ni zaɓi, a ba ni mai kai ni yamma ba tare da na yi ta neman soket kamar mai neman ɓataccen yaro ba. Gudun nan da ake ta kuri da shi, ni rubutu kawai nake yi. Wane zubi ne gwanin riƙe caji?

Injiniya: Wanda ya tada kowa daga barci shi ne M1 na Apple, a Nuwamban 2020. MacBook Air mai shi ko fanka ba ta da ita, kamfanin ya ce tana kaiwa awa 18 ana kallon bidiyo. A ɓangaren Windows, a 2024 aka samu Snapdragon X na Qualcomm, da Core Ultra jerin 200V na Intel, duka an gina su ne da batir a rai. Sai dai kowanne da nasa. Snapdragon ƙirar Arm ce, wato ba irin ginin na Intel ba, akwai tsofaffin manhajoji da wasu wasanni da ba sa jituwa da ita. Shi kuma 200V, RAM ɗinsa a jikin furosesar yake, abin da ka saya da shi za ka zauna. Kuma awannin da kamfanoni ke faɗa, da sikirin a dushe ake auna su, ana kallon bidiyo kawai. Kar wanda ya yi tsammanin zai same su cif.

Mai gabatarwa: Wani dattijo yana tambaya, barin laftop a jone kullum yana kashe batir? Baba, mun gode da wasiƙa.

Injiniya: Zafi ne ya fi kashe shi, Baba. In laftop ɗin tana da wurin tsayar da caji a kashi 80, a kunna shi.

Mai gabatarwa: Ku kuma masu ɗora ta a kan katifa ku toshe mata hanci, ku zo kuna cewa tana nauyi, kun dai ji. Sai maganar allo, wato sikirin. Wata 'yar'uwa mai aikin lissafin kuɗi tana shirin sayen MacBook Air mai M1, tana so ta jona manyan allo biyu a teburinta. Zai yiwu?

Injiniya: Da kanta dai allo ɗaya take ɗauka na waje, ko da kafofinta biyu ne. Air mai M2 ma haka. Mai M3 ta 2024 tana ɗaukar biyu, amma sai an rufe murfinta. Mai M4 ta 2025 ce ke ɗaukar biyu murfi a buɗe. Akwai 'yan akwatunan DisplayLink da ake zagayawa da su, ga aikin lissafi suna wadatarwa. Abin mamaki, waccan tsohuwar i5 ta ɗalibinmu tana iya tuƙa allo uku in an haɗa da nata, zubi na goma sha ɗaya kuma huɗu. Amma fa abin da furosesa ke iyawa daban, kafofin da mai ƙera laftop ya fitar daban. Kafar HDMI, wadda ake jona allo da ita, in 1.4 ce, allon 4K, wato mai tsananin kaifin hoto, sau 30 kawai zai sabunta hoto a daƙiƙa. Za ki ga kibiyar maus tana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa, ki ɗauka allon ne ya lalace. Sai HDMI 2.0 ke ba da 60. Kafar USB-C kuwa, kama da wane ba wane ba ce: wata caji da fayil kawai take yi, ba ta fitar da hoto sam. In kin ga alamar walƙiya ta Thunderbolt a gefenta, kuma ta huɗu ce, an wajabta mata ɗaukar allon 4K biyu.

Mai gabatarwa: Wato ta duba zubin, ta kuma leƙa gefen laftop ɗin ta ga ramukan da idonta.

Injiniya: Da kebul ɗin ma. Sau da yawa shi ne mai laifi.

Mai gabatarwa: Ana ɗaga mini hannu daga ɗakin injina, minti biyu ya rage. Wani yana ƙorafi, wai kullum Intel muke yi, ina kamfanin AMD, mai furosesar Ryzen? Ryzen 5 7520U da Ryzen 5 5600U, wacce?

Injiniya: 5600U. Ƙwaya shida ce, ƙirar Zen 3. Ita 7520U ƙwaya huɗu ce, ƙirar Zen 2, wadda ta girmi waccan. A jerin 7000 na laftop, lamba ta uku ce ke faɗin ƙira, ta farko shekarar fitowa kawai take nunawa. Ya duba ta uku.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, a numfashi ɗaya: ina harafin i ya shiga a sababbin laftoci?

Injiniya: Intel ta fara ajiye shi a Disamban 2023 da ta fito da Core Ultra, ta kuma sake ƙirga zubin daga ɗaya. Wannan ma wani dogon zance ne, don akwai...

Mai gabatarwa: Sai mako mai zuwa, Injiniya, rufe laftop ɗinka, fankarta har a makirufo ana ji. Ku kuma masu rubuto mana “tawa i5 ce, tana da kyau?” ba lamba ba harafi, wasiƙunku na nan na ajiye, ku sake aikowa da cikakken suna. Mu kwana lafiya.