Me ya sa manhajarka ke rarrafe idan bayanai suka yi yawa?

Tambayar da ke ta yawo tsakanin masu koyon rubuta manhaja kwanan nan ita ce: "Na gwada da bayanai goma tana gudu lafiya lau, da aka zuba dubu biyu sai ta koma rarrafe. Ko rumbun bayanan ne ba shi da kyau?" Galibi ba laifin rumbun ba ne. Ku biyo ni ku gani.

(A allo: kilas biyu, Littafi da Marubuci.)

Ba za mu daɗe kan abin da aka saba koyarwa ba. Kilas shi ne tsari, obujek kuma abin da aka ƙera da tsarin.  Wannan salon na rubuta manhaja da kilas da obujek ya samo asali ne daga yaren Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a ƙasar Norwe. Shi kuwa rumbun bayanai mai tebura da layuka, Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa tushensa a 1970. Kowa da abin da ya dame shi. Na farko yana maganar abubuwan da ke riƙe da juna a ƙwaƙwalwar kwamfuta, na biyu yana maganar teburan da lambobi ke haɗa su. Don a sasanta su ne aka samar da kayan aikin da ake kira ORM, masu fassara tsakanin obujek da tebur, irin su Hibernate na Java da ya fito a 2001, da Entity Framework na Microsoft a 2008, da wanda ke cikin Django, kayan aikin gina manhajar yanar gizo.

To, a nan ne ake zamewa. Mutane da yawa sun ɗauka obujek ɗin da ke hannunsu shi ne layin da ke cikin tebur. Ba shi ba ne. Kwafi ne da aka ɗauko a wani lokaci, kuma sau da yawa ba a ɗauko shi duka ba.

(A allo: Django, da tagar da ke nuna tambayoyin SQL a gefe. SQL shi ne yaren da ake yi wa rumbu tambaya da shi.)

Ku zuba ido kan tagar dama. Na ce a kawo mini littattafai 100. Tambaya ɗaya ta tafi rumbu. Madalla. Yanzu zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in buga sunan marubucin kowanne. Layi biyu ne kacal na kod, babu SQL ko ɗaya a ciki.

Kun ga tagar? Tana ta cika.

(Dakata. A bar lissafin ya kai ƙarshe.)

Tambayoyi 101. Ga abin da ya faru: lokacin da aka ɗauko littafin, lambar marubucin kawai aka zo da ita, ba shi kansa ba. Duk sa'ad da ka rubuta littafi, ɗigo, marubuci, sai ORM ya lallaɓa ya koma rumbu ya ɗauko. Wannan ɗigon da kake gani kamar ba komai ba, tafiya ce guda zuwa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, da dawowa. Kamar ka aiki yaro sau ɗari ne, kowace tafiya ya kawo abu ɗaya, alhali da ka lissafa masa tun farko, tafiya ɗaya ta isa. Masu sana'ar suna kiran matsalar N+1, wato tambaya ɗaya ta farko, sai ƙarin ɗaya ga kowane littafi.

A ce kowace tafiya tana cin milisakan 5. Littattafai 100, kusan rabin daƙiƙa ke nan, ba lallai ka lura ba. Littattafai 2,000 kuwa, daƙiƙa 10. Kuma a kwamfutarka, inda rumbun da manhajar ke zaune wuri ɗaya, tafiyar gajera ce ƙwarai, shi ya sa ba ka ga komai ba sai da aka ɗora ta a sabar.

Maganin ba shi da wahala. Faɗa wa ORM abin da kake buƙata tun kafin ya tashi. A Django ka sa select_related, sai 101 ta koma 1, domin ya haɗa teburan biyu a tambaya guda. Idan marubuci ka ɗauko kana son littattafansa masu yawa, prefetch_related za ka sa, tambaya biyu ke nan. A Hibernate akwai JOIN FETCH, a Entity Framework akwai Include. Af, masu Entity Framework Core, ku naku ya ɗan bambanta: idan ba ku kunna ɗaukowa ta atomatik ba kuma kuka manta Include, marubucin kan zo muku fanko. Ni dai na fi son hakan, gara kuskure ya fito fili da wuri. Amma don Allah kada wani ya ji wannan ya ce daga yau komai zai riƙa kwasowa gaba ɗaya. Shafin da sunayen littattafai kawai yake nunawa ba ya buƙatar tarihin marubuta.

Yanzu tunda kwafi ne, wa ke riƙe da shi, kuma har zuwa yaushe? Akwai zaman da ORM ke buɗewa da rumbu: Session a Hibernate, DbContext a Entity Framework. A nan manhajar yanar gizo da wadda ake girkawa a kwamfuta suka rabu.

A yanar gizo, zaman gajere ne, yawanci kowace buƙata da ta zo daga mai buɗe shafi tana da zamanta ɗaya. Idan ya rufe sannan ka nemi marubucin da ba a ɗauko ba, Hibernate zai jefo maka wannan jan rubutun, LazyInitializationException. Ma'anarsa kawai, hanyar komawa rumbu ta riga ta rufe.

A manhajar kwamfuta kuwa, akasin haka ake yi. Sai a buɗe zama ɗaya da safe a bar shi har a rufe manhajar.

(A allo: tagogi biyu gefe da gefe.)

Ma'aikata biyu sun buɗe littafi ɗaya. Ta hagu ta gyara sunansa ta adana. Na dama ya sake nema, amma tsohon sunan yake gani, domin zamansa ya riga ya riƙe kwafi, shi yake miƙo masa. Ya gyara sunan yadda yake so ya adana, aikin ta hagu ya shafe, kuma babu gargaɗin da ya fito. Wannan ya fi jinkiri haɗari nesa ba kusa ba, domin jinkiri ana ganinsa.

Abu biyu za ka yi. Ka gajarta zaman, aiki ɗaya zama ɗaya, ko da a manhajar kwamfuta ne. Sannan ka ƙara wa teburin gurbin lambar da ke canzawa duk sa'ad da aka gyara layi, a Hibernate @Version ne, a SQL Server kuma akwai rowversion. Idan na dama ya zo adanawa da tsohuwar lamba, sai a ƙi karɓa, a ce masa wani ya riga shi, ya sake ɗaukowa.

Ita kuma tagar da muka yi ta kallo, ga yadda ake kunna ta: Django Debug Toolbar ga masu Django, hibernate.show_sql ga masu Hibernate, LogTo ga masu Entity Framework Core. Ka buɗe shafin da ya fi nauyi a manhajarka, ka ƙirga tambayoyin da yake aikawa.