Layi na Huɗu Babu Kowa: Jawabin Sakataren Walwala a Taron Sakkwatawa Mazauna Ingila

Ya shugaba, an sa ni cikin masu magana ne domin in karanta rahoton walwala na wata uku, amma ina neman izini in fara da sakamakon gasar ninƙaya, saboda abin da ke cikin wannan sakamako ya hana ni sukuni tun daren Asabar ɗin da aka kammala zagaye na ƙarshe.

Kulob ɗin ninƙaya na garin nan, wanda 'ya'yanmu bakwai ke ciki, ya ƙare kakar bana a matsayi na uku cikin kulob shida na rukuninsa. Biyun farko ne kaɗai ke hawa rukuni na sama, kuma tazarar da ke tsakaninmu da na biyu maki tara ce. Ina roƙon ku riƙe wannan adadi, domin zan dawo kansa.

A zagayen farko, cikin watan Oktoba, kulob ɗin ya zo na biyu, kuma duk wanda ya je kallo a daren zai ba da shaida cewa yaranmu sun fid da mu kunya. Ɗan ma'ajinmu ya ci tseren iyon rigingine na mita 50. Tagwayen Hajiya sun riƙe matsayinsu a tseren karɓa-karɓa, ba su bari an wuce su ba. Sai kuma marainiyarmu, 'yar marigayi ɗan'uwanmu, wadda ta shiga iyon malam-buɗe-littafi, salon da ya fi kowane cin ƙarfi, wanda dole hannu biyu su fito daga ruwa tare kuma su taɓa bango tare, in ba haka ba alƙali ya soke tseren. Ta juya a bangon mita 25 tana ta uku, ta dawo ta taɓa bango tana ta ɗaya. Baba Alhaji, wanda ga shi nan zaune, ya miƙe cikin babbar rigarsa a tsakiyar Turawa yana ɗaga hula yana cewa, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata!" Ni kaina ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, domin na tuna mahaifinta ne ya fara kai ta wurin, tana shekara shida, yana riƙe da tawul a bakin ruwa.

Ga waɗanda ba su saba da lissafin ba, abin yana da sauƙi. A kowane tsere wanda ya zo na ɗaya yana samar wa kulob ɗinsa maki shida, na biyu biyar, haka har na ƙarshe, wanda shi ma yana da maki ɗaya. Wato ko yaro ya zo na kashin baya, matuƙar ya kai bango bisa ƙa'ida, ya kawo wani abu gida. Hanya biyu ce kawai ake tashi da sifili: ko a soke tseren yaro saboda kuskure, ko kuma a bar layin babu kowa.

A zagaye na biyu, cikin Nuwamba, layinmu ne aka bari babu kowa. Ina zaune a benci na uku lokacin da aka kira tseren malam-buɗe-littafi na 'yan mata. Yara biyar suka hau dandamalin tsalle, na huɗu kuwa wayam. Aka busa, suka faɗa, ruwan layuka biyar yana tafasa, na layi na huɗu yana kwance lumui kamar ruwan randa. Matar da aka ɗora wa riƙon agogon wannan layi ta ajiye shi a cinyarta ta naɗe hannu. Kocin ya yi abin da zai iya: ya ɗauko wata yarinya 'yar shekara 11 ya sa ta cikin manya domin kada a rasa tseren karɓa-karɓa gaba ɗaya, tunda sai da mutum huɗu ake yinsa, amma ba shi da wadda ta iya malam-buɗe-littafi da zai sa. Kulob ɗin ya ƙare na biyar a daren. A Disamba sauran yaran sun yi iya ƙoƙarinsu har aka zo na biyu, amma layi na huɗu ya sake zama babu kowa, kuma giɓin Nuwamba bai cike ba. Yarinyar da ke kawo maki biyar ko shida a tsere ɗaya ta rasa tsere biyu, ban da abin da rashinta ya jawo a karɓa-karɓa. Ku lissafa da kanku, za ku ga inda maki taran nan suka tafi.

Ba ciwo ne ya hana ta zuwa ba, kuma ba gajiya ta yi ba. Na nemi izinin mahaifiyarta kafin in faɗi wannan, ta ce in faɗa in dai zai amfani wani maraya gobe. An dakatar da yarinyar daga horo ne saboda an yi wata uku ba a biya kuɗinta ba, kuma ba na ganin laifin kulob ɗin, domin su ma hayar wurin ninƙayan suke biya, har sun yi haƙurin wata biyu kafin su rubuto. Mu ne muka ɗauki alkawarin wannan kuɗi. A cikin wannan ɗaki, bayan sadakar bakwai ta mahaifinta, muka ɗaga hannu muka ce asusun walwala zai riƙa biya har ta gama sakandare. Yana nan a rubuce cikin littafin sakatare. Da na je cire kuɗin Satumba, sai na tarar abin da ke cikin asusun bai kai ba, domin cikin mutum 58 da ke rajistarmu, 21 ne kawai suka biya kuɗin wata-wata na bana. Fam goma ne a wata, 'yan'uwa. Mahaifiyar ba ta kira kowa ba, saboda kunya irin ta 'yar mutunci. Aikin dare take yi, tana riƙe da yara uku, sai ta ce wa 'yar ta yi haƙuri. Ni ma ina da nawa laifin, domin ya kamata in tara ku tun a watan Satumba maimakon in yi ta aika saƙo a waya ina jiran a amsa.

Na ji abin da wasu ke faɗa a bayan fage, cewa kuɗin ƙungiya na jana'iza ne da rashin lafiya, ba na wasan ruwa ba. Ina girmama masu wannan ra'ayi, amma ina tambayarsu: daga ina muka fito? Mu da muka tashi a bakin Gulbin Rima ne za a ce wa iya ruwa wasa ne? A watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A watan Mayun 2023 wani ya sake kifewa a Dandeji, a Shagarin dai, ya tafi da yara 15 da suka fita neman itacen girki. Waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma ba su manta ambaliyar 2010 ba, lokacin da ruwa ya yanke hanyar shiga mazaunin jami'ar har sai da kwale-kwale ake ƙetarawa. Duk lokacin da irin wannan labari ya zo, mukan cika waya da Inna lillahi, mu tara abin da ya sawwaƙa mu aika gida. To ga hanyar da za mu bi tun kafin ta'aziyya ta zo, kuma ita ce muka ƙi biya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce iya ruwa fid da kai. Malamanmu kuma suna kawo maganar da aka jingina wa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. A nan ƙasar ma manhajar firamare ta tanadi cewa yaro ya iya ninƙayar aƙalla mita 25 kafin ya gama, kuma mun san 'ya'yanmu da yawa sun gama ba su iya ba.

Ni a Kwalkwalawa, kusa da Sakkwato, na koyi iyo, rungume da gora, cikin zafin bazara irin namu wanda ke wuce digiri 40, ba koci, ba agogo, sai yayyenmu da ke tsaye a tsakiyar ruwa suna cewa ka taho. Idan na koma gida da jajayen idanu, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta riga ta gane inda na je. Wani lokaci idan na kai yaran horo da ƙarfe biyar da rabi na asuba, gari baƙi ƙirin, sanyi yana ratsa ƙashi, ƙaurin maganin ruwan ya doki hancina, sai in rufe ido in ga yashin bakin gulbi da masu wanki da shanu suna gangarowa. Yaranmu ba su san wannan ba, wasunsu sau ɗaya aka taɓa kai su Sakkwato. Amma ruwan da suke shiga a nan ya haɗa su da wani abu namu, ko da ba su sani ba. A Argungu, wadda ke cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ana bikin kamun kifi tun 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada, inda ake bikin, ya ga dubban masunta sun ruga ruwa da homa da gora, ya ga wasannin kabanci na tseren iyo da nutso da kamun agwagwa, ba wanda zai gaya masa cewa baƙar fata ba su iya ruwa ba. Amma ana faɗin haka a nan ƙasar, kuma sai a gasar Olamfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021, aka samu baƙar mace ta farko, Alice Dearing, da ta wakilci Birtaniya a ninƙayar Olamfik. Kowane yaro namu da ya hau dandamalin tsalle yana rushe wannan magana ne, mu kuwa da hannunmu muka sauko da wadda ta fi su duka.

Akwai kuma iyayen da damuwarsu sutura ce, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya wadda ni ma nake da ita a matsayina na uban 'ya'ya mata. Ina tunatar da su cewa tun 2017 hukumar ninƙaya ta Ingila ta sassauta dokarta, ta amince a shiga gasa da kayan da suka rufe jiki saboda dalilin addini. Da irinsu marainiyarmu ke shiga, da su ta ci tseren Oktoba, kuma mahaifiyarta ko ɗaya daga cikin matanmu na zaune a wurin duk lokacin horo. Saboda haka ba sutura ce ta fitar da ita daga ruwa ba. Rashin biyan kuɗinmu ne.

Sauran rahoton zan taƙaita shi. An biya hayar wannan ɗaki har ƙarshen Maris. An ziyarci marasa lafiya biyu a asibiti, dukansu an sallame su. An yi suna ɗaya, an kai gudummawa. Kwamitin taron Sallah bai zauna ba tukuna. Masu matsalar sabunta fasfo su same ni bayan taro. Cikakken lissafi yana hannun ma'aji ga mai son dubawa.

Na je gidansu ranar Lahadin da ta wuce. Jakar ninƙayarta tana rataye a bayan ƙofa, da tabaran ruwa da hula a ciki, a shirye, kamar gobe da asuba za ta fita. Ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa, ba ta tambaye ni komai ba sai da na tashi tafiya, sannan ta ce, "Kawu, da gaske ne da maki tara aka wuce mu?" Na ce mata haka ne. Ta yi shiru, ta ce da ta je da an hau. Wallahi ban sami abin da zan ce mata ba. Yarinya 'yar shekara 14 tana ɗaukar nauyin abin da manya 37 suka gaza yi, tana ganin ita ce ta ja wa kulob ɗinta. Mahaifinta bai taɓa fashin biyan kuɗin ƙungiyar nan ba, kuma da yawanmu shi ya ɗauko mu daga filin jirgi ranar da muka fara sauka ƙasar nan, wasu ma a falonsa suka kwana har suka sami ɗaki.

Kocin ya gaya mini cewa ya ajiye mata gurbinta, amma ba zai iya riƙe shi ya wuce ƙarshen Janairu ba, lokacin da ake sabunta rajistar shekara, domin akwai yara a layin jira. Ya kuma ce duk makon da ta ƙara a waje sai ta yi kusan biyu kafin ta dawo da ƙarfinta. Abin da ake bukata shi ne bashin wata uku, da kuɗin rajista, da tabbacin cewa na wata-wata ba zai sake yankewa ba. Idan rabin waɗanda ake bi suka biya yau, an gama, har a samu abin hayar motar da za ta riƙa kai yaran gasa a wasu garuruwa, maimakon mota biyu da kullum su ne dai. Wanda yake cikin matsi da gaske, ya same ni a keɓe, ba wanda zai ji, domin don irinsa aka kafa asusun. Amma wanda Allah ya hore wa, ya manta ne ko ya yi sakaci, ina roƙonsa don girman Allah da darajar zumunci kada ya fita ƙofar nan yau bai tsaya wurin ma'aji ba. Ga shi can ya kafa tebur, da littafi da na'urar karɓar kati.

Ya shugaba, ina kuma gabatar da ƙudiri cewa daga yau a ware kuɗin marayu a asusu na daban, kada a taɓa shi don hayar ɗaki ko abincin taro, kuma a riƙa karanta abin da ke ciki a kowane zama. Ina neman wanda zai mara mini baya. Na yi wa mahaifiyar yarinyar alkawarin zan koma gidansu gobe bayan La'asar, kuma ina so in shiga da rasit a hannuna.