Kafin ka sa wa motar lantarki wutar yanka: darasi ga masu fasa mota

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Darasin yau na 'yan gwangwan ne da makanikai, da duk mai sayen matacciyar mota ya fasa ta ya sayar da kayanta. Motoci biyu ne a bayana. Ta dama mai fetur ce, irin wadda ake yankawa kullum a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Ta hagu Nissan Leaf ce, lantarki zalla, ƙirar farko da ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010. Irinta sun tsufa a ƙasashen da aka yi su, kuma mun san inda tsofaffin motocin Turai da Amurka ke ƙarewa.

Mai fetur ba sai na daɗe a kanta ba, kun fi ni saninta. A cire batir, a tsiyaye fetur da baƙin mai da man birki da ruwan lagireto. A sauke inji da giya, in da sauran rai a kai wa masu kayan gyara. A yanke abin nan na jikin salansa da makanikai ke kira indomi, don akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, su filatinom da faladiyom da rodiyom. Saura kuma sai sikeli, tunda kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin mota ƙarfe ne. A Tarayyar Turai ma, tun 2015 doka ta ce sai an ci moriyar kashi 95 cikin ɗari na nauyin duk motar da aka fasa. Abin lura shi ne, da ka tsiyaye ta ka raba ta da tanki da jakar iska, shi ke nan ta mutu, ba abin da za ta yi maka.

Wannan mai lantarkin kuwa ko ta shekara a ajiye ba ta mutu ba. Ɗan'uwa, matso da kyamarar nan. Kun ga wannan wayar mai kauri, mai launin ruwan lemo? Duk motar da ka buɗe ka ga irinta, har da masu haɗa fetur da lantarki kamar Toyota Prius, ka janye hannunka. Wutar da ke bi ta wayar Leaf ɗin nan ta kai bolt 360. Ta soket ɗin gidanka 230 ce. Wasu sababbin, irin Hyundai Ioniq 5, suna kaiwa wajen 800. Batirin Leaf ɗin kuma ba a bonet yake ba, yana shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru, nauyinsa kusan kilo 300, daidai wurin da yaran gareji suka saba zura wutar yanka don raba gangar jiki biyu.

To ga yadda ake kashe ta. Ka kashe motar, ka kai makullin nesa. Ka cire wayar ƙaramin batirin bolt 12, don ita ma tana da shi, kuma shi ke ba babban batirin umarnin sakin wuta. Ka cire zobe da agogo. Ka sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, ba ta masu walda ba. Ka hura mata iska tukuna ka ga ko ta huje. Sannan ka zo nan tsakiyar daɓen motar, gaban kujerar baya, ka ɗaga kafet, ka kwance murfin. Ga filogin da ke yanke wutar babban batirin nan. Ka zare shi ka sa a aljihunka, kada wani mai karambani ya mayar. Ka jira minti 10 wutar da ta taru a inbata ta sauka, ka gwada da mita, sai ka ga babu komai kafin ka taɓa.

Amma a ji ni da kyau: wayoyin motar ka kashe. Cikin akwatin batirin wuta na nan daram. Ba a fasa shi da guduma, ba a huda shi, ba a ɗaga mota da ƙugiya ta ƙasansa. In ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa ya huje, zafi yake yi ya kunna na kusa da shi, haka har akwatin ya kama gaba ɗaya, da hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu. Ƙaramar tukunyar kashe gobara ba ta iya masa, sai ruwa mai yawan gaske. Ko ya lafa, kamar garwashi ne a cikin toka, yana iya tashi bayan sa'o'i ko kwanaki. Shi ya sa motar da ta yi haɗari ko ruwa ya ci ake ajiye ta a fili, aƙalla mita 15 daga gini da sauran motoci.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita kuke jira. Babu inji, babu salansa, babu indomi, sai mutum ya ga kamar ya yi asara. Amma tagullar da ke cikin motar lantarki takan kai kilo 80, alhali ta mai fetur ashirin da 'yan kai ce. Ga injin lantarkin da maganaɗisunsa, ga inbata, ga caja.

Babban kuɗin dai yana cikin batir, kuma a ganina wanda ya yi gaggawar ɗora shi a sikeli ya cuci kansa. Batirin da ya gaji da jan mota sau da yawa yana riƙe da kashi 60 ko 70 na ƙarfinsa. Na Leaf ɗin nan ya fito da kilowat-awa 24, ko rabi ya rage ai ya fi abin da gidaje da yawa masu sola suke da shi. A Japan, Nissan da Sumitomo sun kafa kamfanin 4R Energy, wanda ya buɗe masana'anta a garin Namie a 2018 don gwada tsofaffin batiran Leaf a sake musu aiki. A shekarar ce kuma filin wasa na Johan Cruijff da ke Amsterdam ya kafa rumbun wuta da batiran Leaf, sababbi da tsofaffi. Sai dai wannan ƙirar ta Leaf ba ta da na'urar sanyaya batir, zafi na cinye shi da wuri, don haka wadda ta sha ranar Maiduguri ko Sakkwato a gwada ta da kwamfuta kafin a yi ciniki. Kuma haɗa shi da sola aikin wanda ya san na'urar kula da caji ne.

In ya mutu murus, nan ne mai fetur ta fi sauƙi. Batirin dalma kowa ya san mai saye. Na litiyom sai masana'anta ta niƙa shi ya zama baƙin gari, a tace nikel da kobalt da litiyom, irin aikin da Umicore ke yi a Beljiyam da Redwood Materials a Amurka. Don haka kafin ka biya kuɗin mota, ka nemo wanda zai karɓi batirin, ka kuma duba irinsa. Yawancin ƙananan motocin Sin na yanzu batirin LFP gare su, ba nikel ba kobalt, masu tacewa ba sa ba shi daraja sosai. Irin wannan ka yi lissafinka a kan tagulla da ƙarfe, ka rage kuɗin ɗauko batirin da ajiye shi daga farashin da za ka taya.