Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Taron Iyayen Ɗalibai Hausawa Mazauna Landan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Masu girma hakimai da 'yan majalisar da suka rako Sarki, malamanmu, dattawanmu, iyaye maza da mata, da 'ya'yanmu waɗanda saboda su aka taru, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin iyayen Hausawa mazauna Landan, da 'yan'uwanmu da suka taso daga sauran garuruwan Ingila domin wannan zama, ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san kwanakin Sarki a wannan ƙasa ƙididdigaggu ne kuma masu neman ganinsa suna da yawa, saboda haka ware mana wannan yammaci da ya yi ba ƙaramin karamci ba ne a wurinmu. Da yawa daga cikin yaran da ke zaune a gaban nan a ƙasar nan aka haife su, a hoto kawai suka taɓa ganin Sarki, yau kuwa ga su zaune a gabansa.

Ranka ya daɗe, zuwanka ya dace da makon da ya fi kowane mako nauyi a gidajenmu. A Ingila yaro yana rubuta jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare, yana ɗan shekara 16, a watannin Mayu da Yuni, sannan ya zauna jira har wata ranar Alhamis a ƙarshen Agusta, ranar da ake fitar da sakamako. Da hantsi yaro yake tafiya makarantarsa ya karɓi ambulan, wani ya buɗe a harabar makaranta a gaban abokai, wani ya cusa a aljihu sai ya dawo gida. Kafin ya cire takalmi wayar uwarsa ta fara ƙara, gwaggo daga Kano tana tambaya, kawu daga Maraɗi yana tambaya, a zauren WhatsApp na dangi kuma an riga an sa hoton takardar ɗan wane ana ta sa albarka. A cikin wannan hayaniya ake so yaron ya wanke fuska ya fita ya yi rajistar makarantar da zai shiga a watan Satumba, domin makarantu da yawa a ranar ko washegari suke yin rajistar sababbin ɗalibai.

Abu na farko da yake ba mu wahala mu iyaye shi ne karanta takardar kanta. Tun daga 2017 aka fara sauya makin GCSE daga haruffa zuwa lambobi, daga 9 zuwa 1, kuma 9 ita ce ƙololuwa, 4 ita ce matakin cin jarrabawa, 5 kuma ci ne mai ƙarfi. Mu da muka taso da WAEC mun saba A1 ce gaba, F9 ce faɗuwa. An sha samun uban da ya ga 8 da 9 a takardar 'yarsa gabansa ya faɗi, alhali yarinyar ta yi abin da ya kamata a yanka mata rago. Wannan kuskure ne da ake gyarawa cikin minti ɗaya. Wanda ya fi shi illa shi ne uban da ya ga 5 da 6 a jere, sakamakon da zai buɗe wa yaro ƙofofi masu yawa, ya ajiye takardar ya ce, "Ɗan wane fa 9 ya samu." Yaron da ya ji wannan a ranar da ya fi buƙatar uban nasa ba zai sake kawo masa shawara ba, kuma shekaru biyun da ke tafe shekarun shawara ne daga farkonsu har ƙarshensu.

Dokar Ingila ba ta yarda yaro ya zauna haka kawai bayan GCSE ba. Tun 2015 wajibi ne ya ci gaba da karatu ko horo har ya cika shekara 18, ko dai a makaranta, ko a shirin koyon aiki, ko kuma ya haɗa aiki da karatun wani ɓangare na mako. Wanda bai kai 4 ba a Turanci ko lissafi zai ci gaba da karanta su, kuma akwai damar sake rubuta waɗannan biyun a watan Nuwamba. Idan maki ya gaza da kaɗan, makaranta tana iya neman hukumar jarrabawa ta sake duba takardar, sai dai iyaye su sani cewa maki yana iya hawa, yana iya sauka, kuma lokacin neman gajere ne.

Hanyar da akasarinmu muka fi sani ita ce aji shida, wato shekara biyu na karatun A Level. Dattawan da ke tare da Mai Martaba ba baƙi ba ne ga wannan tsari, domin manyan makarantun Arewa irin su Barewa sun yi aji shida suna ba da takardar HSC kafin a koma tsarin 6-3-3-4, kuma har yau IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello tana kan wannan turba. A nan ne nake so in ɗan tsaya, ranka ya daɗe, domin a nan ne ake yin kuskuren da ba a gane shi sai lokaci ya ƙure. Yaron da ya karanta darussa tara ko goma a GCSE yanzu zai zaɓi uku kacal a mafi yawan lokuta, kuma waɗannan ukun su ne za su yanke irin karatun da jami'a za ta karɓe shi ya yi. Mai son likitanci da bai ɗauki kimiyyar sinadarai ba ya rufe wa kansa yawancin makarantun likitanci, mai son injiniyanci da ya bar lissafi ya rufe wa kansa kusan dukkan ƙofa, mai son aikin lauya kuwa yana da sarari, domin jami'o'i ba su cika sharɗanta masa wani darasi ba. Makarantu ma suna da nasu sharaɗin, da yawa ba sa barin yaro ya ɗauki lissafi ko kimiyya sai ya samu 6 ko 7 a darasin. Sannan lokacin ya fi yadda ake zato gajarta: mai neman likitanci, ko likitancin haƙori, ko Oxford da Cambridge, dole takardunsa su isa UCAS, hukumar da ake neman shiga jami'a ta hannunta, zuwa 15 ga Oktoba na shekararsa ta biyu, wato wata 13 kawai bayan shigarsa aji shida, kuma makin da malamai za su yi hasashen zai samu yana fitowa ne daga ƙoƙarinsa na shekarar farko. Yaron da ya ɗauki shekarar farko ta hutu ce ya yi asarar da zai daɗe yana biya.

To amma ba kowane yaro ne aka halitta domin wannan hanya ba, kuma wannan ita ce maganar da muke jin nauyin faɗa wa junanmu. A cikin al'ummarmu an mayar da likitanci ma'aunin ɗa nagari, injiniya da lauya suna biye, sauran sana'o'i kuma sai a ambace su da ƙaramar murya. Ina ganin wannan zalunci ne da muke yi wa yaranmu da sunan ƙauna. Yarinyar da ba ta son ganin jini, wadda hankalinta yake kan zane ko tarihi ko lissafin kuɗi, idan aka tilasta mata darussan kimiyya uku za ta yi shekara biyu tana kuka a ɗaki, ta fito da makin da bai kai ta likitanci ba kuma bai kai ta inda take so ba. Ƙasar nan kuwa ta tanadi wasu hanyoyi masu mutunci. Akwai BTEC, inda ayyukan da ɗalibi yake yi a tsawon shekara suke da babban rabo a makinsa. Akwai T Level da aka fara a 2020, wadda ake lissafa ta daidai da A Level uku, kuma ɗalibi yake yin aƙalla awa 315 a wurin aiki na gaske. Akwai kuma koyon aiki a hannun kamfani, inda ake biyan yaro albashi yana koyo, kuma tun 2015 wannan hanya tana iya kai shi har digiri ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci na musamman a wurinmu Musulmi. Kuɗin jami'a a Ingila ya haura fam 9,000 a shekara ga ɗan gida, kuma bashin karatu da gwamnati take bayarwa yana da kuɗin ruwa tun daga ranar da aka fara fitar da kuɗin. Tun 2013 gwamnati ta yi alƙawarin samar da wani tsari da zai dace da shari'ar Musulunci, iyaye kuma sun daɗe suna zuba ido. Akwai gidajen da wannan damuwa ta sa aka jinkirta karatun yaro, akwai waɗanda suka karɓi bashin zuciyarsu ba ta kwanta ba. Muna roƙon malamanmu da ke nan su zauna su fahimci yadda bashin yake aiki dalla-dalla kafin su ba da fatawa, su kuma sanar da iyaye cewa digirin koyon aiki yana nan ga wanda ya shirya masa da wuri, ko da yake gasar shigarsa tana da zafi. Iyalan da ba su daɗe da zuwa ba su binciki matsayin takardun zamansu tun yanzu, domin wanda bai cika sharaɗin zama ɗan gida ba kuɗin ɗaliban waje za a nema a hannunsa, kuma ya ninka wancan. Ina kuma tunatar da iyaye masu karɓar tallafin yara su sanar da hukumar haraji kafin 31 ga Agusta cewa yaronsu yana ci gaba da karatu, in ba haka ba tallafin zai tsaya.

Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye wa Sarki halin da iyayen suke ciki ba. Da yawa a cikinmu aikin dare muke yi, a asibitoci, da gidajen kula da tsofaffi, da tuƙi, da gadi. Makarantu suna buɗe ƙofofinsu da yamma a lokacin kaka domin iyaye su zo su ga malamai su yi tambaya kafin a cike takardun neman aji shida, amma a daidai wannan lokaci uba yana ɗaura takalmin fita aiki, uwa kuma tana jin nauyin Turancinta, sai yaro ɗan shekara 15 ya tafi shi kaɗai ya yanke shawarar da za ta bi shi tsawon rayuwa. Abin da muka fara yi a tsakaninmu shi ne haɗa kowane gida da yake da ɗan ajin ƙarshe na GCSE da wani gida da ya riga ya bi wannan hanya, domin a raka juna irin waɗannan tarurruka. Likitocinmu da injiniyoyinmu da masu aikin wutar lantarki da masu harkar kwamfuta sun amince su riƙa zama da matasan suna gaya musu gaskiyar aikinsu, daɗinsa da wahalarsa, su kuma taimaka musu samun wurin gwajin aiki a lokacin hutu, abin da 'ya'yan masu hanya suke samu cikin sauƙi. Muna kuma nanata wa junanmu cewa yaron da ya daina cin abinci, ya daina fita, ya rufe ɗaki kwana da kwanaki bayan sakamako, ba taurin kai yake yi ba. A zauna da shi, a yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita ba tare da jin kunyar abin da mutane za su ce ba.

Buƙatunmu ga Mai Martaba ba na kuɗi ba ne. Muna roƙon Sarki ya yi wa iyaye magana a kan darajar sana'a, domin abin da muka shekara muna faɗa ba a ji ba, idan ya fito daga bakin Sarki sau ɗaya za a riƙe shi. Sarautar ƙasar Hausa ba ta taɓa raina aikin hannu ba, ita ce ta naɗa Sarkin Maƙera da Sarkin Magina ta ba su wurin zama a fada, kuma har yau ana ambaton Babban Gwani saboda Masallacin Juma'a na Zariya da ya gina. Yaron da ya zaɓi aikin lantarki ko gini ko jinya a Landan yana da haƙƙin ya ji daga fada cewa bai zubar da mutuncin gidansu ba. Muna kuma roƙon Sarki ya isar wa danginmu na gida cewa su sassauta wa yaran nan da tambayar yaushe za su zama likita, su riƙa tambayarsu abin da suke karantawa da yadda suke ji da shi.

Roƙo na ƙarshe ya shafi 'ya'yanmu mata. Suna ƙoƙari matuƙa a wannan jarrabawa, amma akwai gidajen da ake taƙaita musu zaɓi tun kafin a ji ta bakinsu, ko a hana su makarantar da ta fi dacewa da darussansu saboda tana da nisan tasha biyu ko uku a jirgin ƙasa. Muna fata Mai Martaba zai ƙarfafa wa iyayensu gwiwa su bincika, su raka su, su ga wurin da idonsu, sannan su yanke hukunci tare da su.

Akwai matasa a wannan zaure da suka karɓi sakamakonsu a wannan makon, wasu suna murna, wasu kuma sai da aka lallashe su kafin su fito. Mun zaunar da su wuri ɗaya ba tare da bambanta mai 9 da mai 3 ba, kuma muna roƙon Sarki, bayan ya yi mana jawabi, ya ba su dama su matso su kwashi gaisuwa ya sa musu albarka baki ɗaya. Allah ya ja zamanin Sarki, ya mayar da shi gida lafiya tare da tawagarsa. Ranka ya daɗe, muna sauraronka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.