Sosej ɗin Dankali Irin na Jamus: Yadda Ake Haɗa Shi a Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Ku dubi abin da ke soyuwa a kaskon nan. A ido sosej ne kamar kowane, amma fiye da kashi ɗaya bisa uku na cikinsa dankalin Turawa ne. Jamusawa suna ce masa Kartoffelwurst, kuma an fi saninsa a yankunan Hessen da Pfalz.

Bari in faɗa tun da wuri: a can da naman alade ake yin sa. Mu da ba ma ci, naman sa ko na rago da kitsensa ya wadatar, shi ne ma a gabana yau. Wanda addininsa bai hana shi ba, awo ɗaya ne, hanya ɗaya.

To me ya kai dankali cikin hanji? A ƙauyukan Jamus, a da, in sanyi ya kama wajen Nuwamba, iyali kan kira mahauci har gida ya yanka musu dabba ɗaya, a wuni ana sarrafa ta. Nama kaɗan, bakuna da yawa, dankali kuwa ga shi jibge a ɗakin ajiya. Sai aka riƙa cuɗa shi da nama domin ya auku. Abincin talaka ke nan, amma ya shiga fada. Helmut Kohl, wanda ya shugabanci gwamnatin Jamus daga 1982 zuwa 1998, ɗan Pfalz ne, kuma ya sha ciyar da manyan baƙi irin su Thatcher ta Birtaniya da Gorbachev na Tarayyar Soviet da abincin da ake kira Saumagen, wato irin wannan haɗi na nama da dankali da ake ɗurawa a tumbi maimakon hanji. Ni dai ban yarda da masu cewa dankalin ciko ne kawai ba. Shi ke shan romo da kitse ya riƙe, shi ya sa in ka gatsa za ka ji laushin da zallar nama ba ta bayarwa.

Mu je ga aiki. Nama kilo 1, gram 700 tsoka, gram 300 kitse. Kada a ji tsoron kitsen nan, in an rage shi sosej ya bushe kamar dusa. Dankali gram 600, manyan albasa 2.

Dankalin tun jiya na dafa shi da ɓawonsa, ya kwana a firij. Wannan ba ƙawa ba ce. Dankali mai zafi yana narkar da kitse, haɗin ya caɓe, kuma ya yi saurin tsami. Yanzu na ɓare, zan niƙa rabi, rabi kuma in yanka ƙanana kamar ƙwayar masara, saboda ina son a gan shi in an yanka. Albasar a soya ta sama-sama har ta yi laushi, ita ma a bar ta ta huce.

Naman ku taɓa shi ku ji. In bai sa yatsu sun yi sanyi ba, a mayar firiza na rabin awa. Sannan a sa a injin niƙa nama.

Gishiri a auna shi, gram 18 ga kowane kilo na dukan haɗin, a nan kusan gram 30 ke nan. Sai masoro, gyaɗar ƙamshi 'yar kaɗan, tafarnuwa in ana so. Amma ƙamshin da ke sa Bajamushe ya tuna gida shi ne busasshen ganyen majoran, wanda har sunan ganyen sosej suka laƙaba masa. Cokali biyu. Ku fara murza naman da gishirin shi kaɗai har ya yi danƙo yana kama tafin hannu, daga baya dankali da albasa su shiga a hankali. Ku soya ɗan loma ku ɗanɗana kafin a ɗura, don bayan nan babu gyara.

Hanjin rago nake amfani da shi. Na wanke gishirin da aka adana shi da shi, na jiƙa a ruwan ɗumi, na zura masa ruwa ta ciki. Ba shi da kauri, saboda haka a bi shi da lallashi. In babu injin ɗuri, mazurari mai faɗin baki ya isa. Kada a cika shi tam, a bar masa wurin numfashi. A murɗa duk bayan taƙi ɗaya, inda aka ga kumfar iska a soke da allura.

Ga inda mutane da yawa ke asarar wahalarsu: ruwan da za a dafa sosej ɗin a ciki, kada ya tafasa. Zafi 75 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos. In ba ku da ma'auni, ku lura da lokacin da ƙananan kumfa suka taru a gindin tukunya, tururi na tashi, amma ruwan bai motsa ba. Da ya fara tafarfasa, hanji ya fashe, kun koma shan miya. Mahautan Jamus na lissafin minti ɗaya ga kowace milimita ta kaurin sosej, na rago wajen minti 25 ke nan. A tsame a jefa a ruwan sanyi.

Saboda dankalin, ba ya jure ajiya. Kwana biyu zuwa uku a firij, sauran a kai firiza.

Yanzu kasko, mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa har fatar ta yi ja. Jamusawa na ci da kabeji mai tsami da mustad da burodi. Tunda namu kitsen shanu ne, yana daskarewa da wuri, don haka daga kasko sai faranti. Ku matso ku ga cikinsa, ga dankalin nan fari-fari tsakanin nama, tururi na tashi. Bismillah.