Littattafan Da Sabon Shiga Linux Zai Fara Da Su

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

An nemi in yi magana a kan abin da mai son koyon Linux ya kamata ya karanta, kuma tambayar ta zo a kan gaɓa. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba ba Windows 10, ita kuwa Windows 11 ta zo da sharuɗɗan da tsofaffin laftof da yawa ba su cika ba, irin na hannu da mafi yawanmu muke iya saye. Kwamfuta lafiyarta ƙalau, an ce zamani ya wuce ta. To, Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, kyauta ake samunta, kuma tana tashi a kan waɗannan tsofaffin injina. Wanda duk ke riƙe da wayar Android a ɗakin nan, a kan zuciyar Linux wayarsa take aiki.

Ita kanta Linux daga littafi ta samo tushe. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland ya karanta littafin Andrew Tanenbaum na 1987 a kan yadda ake gina irin wannan manhaja, ya zauna da shi har ya ratsa shi, a 1991 ya fito da tasa. Kada kowa ya ce muku zamanin littafi ya wuce a harkar kwamfuta.

Damuwata da matasanmu ba rashin littafi ba ce. Yawansa ne. Sai ka ga yaro ya ƙona datarsa ya sauke littattafai sun cika waya, ya leƙa wannan shafi biyar, ya koma wancan shafi uku, wata ya ƙare ko fayil ɗaya bai iya ɗaukewa daga wata folda zuwa wata ba. Mu da muka san karatun zaure mun san ba haka ake yi ba. Malam ba ya ɗora almajiri a kan Risala alhali bai sauke Ahalari ba. Daga Ahalari sai Ishmawi, sai Iziyya, kowanne sai an kai ƙarshensa. Haka nake so ku ɗauki wannan karatun, littafi ɗaya a hannu, sai an sauke shi.

Na farko, wanda idan shi kaɗai kuka riƙe daga laccar nan ban yi asarar yawuna ba, shi ne The Linux Command Line na William Shotts. Kamfanin No Starch Press ya buga shi a 2012, ya sake bugawa a 2019, marubucin kuma ya saki littafin kyauta a intanet da izininsa, saboda haka wanda ya sauke bai ci haƙƙin kowa ba. Kashi huɗu ne. Yana farawa da baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, wanda sabon shiga yake gani gabansa ya faɗi, ya ƙare da yadda mutum zai tsara umarni masu yawa a fayil ɗaya kwamfuta ta riƙa aiwatarwa da kanta. Abin da ya sa na fifita shi, marubucin bai ɗauka kun san komai ba, Turancinsa mai sauƙi ne, kuma da wuya ya gaya muku abu bai sa ku gwada ba.

Amma fa ba a karanta shi a kishingiɗe. Ku ɗora Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda nau'o'in Linux ne, a kan filashi, ku tayar da kwamfutar daga nan, ba sai kun goge Windows ɗinku ba tukuna. Littafi a hagu, kibod a gaba. Ya ce ku rubuta pwd, ku rubuta, ta nuna muku foldar da kuke ciki. Ya ce ls, ku ga abin da ke cikinta. Ya ce cd, ku shiga wata. Da yatsunku za ku buga, kada ku kwafo ku manna, domin yatsu suna da haddarsu daban da ta ƙwaƙwalwa. Idan kuka yi amfani da sudo, umarnin da ke ba ku ikon mai kula da kwamfuta, tana iya neman kalmar sirri, kuma a wasu nau'o'in Linux ku yi ta bugawa ba ku ga komai ya fito a allo ba, ko tauraro ɗaya. Mutane da yawa a nan suke cewa kibod ya lalace. Bai lalace ba, ɓoyewa take yi da gangan. Ku gama rubutawa ku danna Enter.

Akwai gargaɗin da Shotts ya yi a kan umarnin gogewa, rm, da nake so ku sa wa alama. A wannan allon babu kwandon shara da za ku koma ku tsinto abin da kuka zubar. Idan kuka rubuta rm, sannan tauraro manne da .html, fayilolin da sunansu ya ƙare da haka kaɗai za su tafi. Idan yatsa ya zame kuka bar ɗan fili tsakanin tauraron da ɗigon, duk fayilolin da ke foldar sun tafi, har da aikin kammala digirinku in yana ciki. Maganin da ya bayar shi ne ku fara gwada rubutun da ls, ku ga jerin abin da zai shafa, in kun gamsu sannan ku sauya ls ɗin da rm. Irin wannan tarbiyyar ce ba kasafai ake samunta a bidiyon minti biyar ba.

Kuna cikin littafin za ku haɗu da wani littafin da ke cikin kwamfutar tun asali. Ku rubuta man, ku bi shi da sunan umarnin da ya shige muku duhu, bayaninsa zai fito ko babu data, in kun gama ku danna q ku fita. Wannan al'ada tun 1971 take, daga Unix, kakar Linux, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a Bell Labs da ke Amurka. Na dubawa ne, ba na saukewa daga bango zuwa bango ba.

Idan kun sauke Shotts, sai How Linux Works na Brian Ward, bugu na uku, na 2021. Wancan ya koya muku ba da umarni, wannan zai nuna muku abin da ke faruwa a ciki: daga danna maɓallin kunnawa zuwa fitowar allo, yadda ake raba ma'ajiya, yadda kwamfuta ke magana da 'yar uwarta. Na kuɗi ne. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku sayi ɗaya.

Ku lura da shekarar bugu. Wajen 2015 Debian, wani nau'in Linux, da Ubuntu suka koma wani tsarin tayar da kwamfuta mai suna systemd, umarnin ifconfig ma yanzu ip ya gaje shi. Tsohon littafin da kuka tsinta da arha a bakin titi zai iya sa ku buga abin da kwamfutarku ba ta sani ba, ku zaci laifinku ne.

Mai son ya zama mai kula da sabobin banki ko na jami'a, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanansu, ya nemi The Debian Administrator's Handbook na Raphaël Hertzog da Roland Mas, shi ma kyauta ne. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da Faransanci aka fara rubuta shi, ba sai kun bi ta Turanci ba. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta kuwa akwai Operating Systems: Three Easy Pieces na Remzi da Andrea Arpaci-Dusseau, malamai a Jami'ar Wisconsin. Littafi ne mai daɗi, amma sai wanda ya taɓa yaren C na rubuta manhaja, don haka sabon shiga ya bar shi zuwa gaba.

Wata 'yar uwa ta turo takarda tana cewa Turancinta bai yi ƙarfi ba, ko za ta iya? Malama, za ki iya. Umarnin da za ki riƙa amfani da su kullum ba su da yawa, kuma ita kwamfutar ba ta duba nahawunki. Ki nemi ƙawaye biyu ku sa rana a mako, babi ɗaya duk zama, ɗaya ta karanta, ɗaya ta buga, ta ukun ta maimaita da Hausa abin da ya faru a allo. Wadda ta kasa faɗinsa da Hausa, a koma kan shafin. Filashi mai giga 8 ya ishe ku, ku zo da shi bayan sallar la'asar a ɗora muku.