Daga Blacktown: mai gyaran lantarkin da ya zama minista

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina Blacktown, yammacin Sidni a Ostireliya. Ga tashar jirgin ƙasa nan a bayana, sai ku yi haƙuri da ƙarar. Mutumin da ya wakilci unguwar nan a majalisar jihar New South Wales daga 2011 zuwa 2017, John Robertson, shi nake so mu tattauna a kansa, don labarinsa ya daɗe yana cin raina.

Ku fara gane wani abu. Wanda muke kira kwamishina a gida, a nan minista ake ce masa, kuma dole ya kasance ɗan majalisa. Shugaban gwamnatin jiha kuwa firimiya ne.

Robertson mai gyaran lantarki ne, tun yana matashi ya koyi sana'ar. Daga nan ya shiga aikin ƙungiyar ma'aikatan lantarki, ya yi ta hawa, har a 2001 ya zama sakataren haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta jihar New South Wales. Kujerar Michael Costa ya gada. Ku riƙe sunan nan.

A 2008 gwamnatin jihar, wadda ta jam'iyyarsu ce ta Leba, ta ce za ta sayar wa 'yan kasuwa harkar wutar lantarki. Firimiya Morris Iemma ne a gaba, ma'ajin jiha kuma shi ne wannan Costa ɗin, tsohon maigidansa. Robertson ya ce bai yarda ba. A babban taron jam'iyya na watan Mayu aka kaɗa ƙuri'a: 702 suka ƙi, 107 suka yarda. Kafin Satumba ta ƙare, Iemma ya sauka, Costa ya bar majalisa. Wa aka ba kujerar Costa a majalisar dattawan jiha? Robertson. Karo na biyu ke nan yana gadonsa.

To, nan ne zuciyata take sosuwa. A farkon 2009 aka naɗa shi ministan gidajen yari, aka ɗora masa aikin miƙa gidajen yarin Cessnock da Parklea ga kamfanoni. Cessnock ya tsira. Parklea, wanda ba shi da nisa da inda nake tsaye, a hannunsa ya koma ƙarƙashin kamfani a shekarar. Gandirobobi sun yi yajin aiki, sun yi zanga-zanga, ba a fasa ba. Mutumin da bara-bara ya hana sayar da wuta!

Ni ma ina biyan kuɗin ƙungiya a wurin aikina. Lokacin da aka danne mana kuɗin ƙarin awoyi, wakilin ƙungiya ne ya tsaya mana har aka biya, ni da sauran baƙi da ko hanyar kai ƙara ba mu sani ba. Shi ya sa abin bai yi min daɗi ba. Wasu abokan aikina sun ce minista ba ya saɓa wa shawarar majalisar zartarwa, kuma ai ya ceto Cessnock. Na ji, amma a ganina da ya ƙi karɓar wannan ma'aikatar tun farko. Mu da muka ga Adams Oshiomhole ya tashi daga shugabancin NLC ya zama gwamnan Edo a 2008, wannan muhawarar ba baƙuwarmu ba ce.

Sauran labarin gajere ne. Ya riƙe ma'aikatar sufuri a 2010. A zaɓen 2011 Leba ta sha mummunan kaye, kujeru 20 kacal cikin 93, shi ya karɓi jagorancin adawa har zuwa Disamba 2014. A 2017 ya bar majalisa ya koma Foodbank, ƙungiyar da ke tattara abinci don marasa ƙarfi. Wannan kam na yaba masa, har zuciyata.

Ga jirgina nan ya iso. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan hau bas in nuna muku unguwar Parklea da idonku. Sai an jima.